Ciwon Maƙogwaro Bayan Tiyata: Laifin Bututu Ne Ko Na Allurar Sakin Tsoka?

Mutum ya shiga ɗakin tiyata a yi masa aikin afendis, ko mace a cire mata ƙarin mahaifa. An gama lafiya, an farfaɗo, amma maimakon a yi kukan cikin da aka yanka sai ka ji ana kukan wuya. Haɗiyar yawu ta zama aiki, murya ta dishe kamar ta ɗan kamashon da ya wuni yana kiran fasinja. 'Yan uwan da ke zaune a baranda sai hankalinsu ya tashi: me ya haɗa aikin ciki da maƙogwaro? Ko dai an yi kuskure ne ana ɓoye mana? A nan kudu abin ya fi damun mutanenmu, domin sau da yawa bayanin da ake yi wa majinyaci kafin aiki da Turanci ake yin sa, ko da buroka, ko da Yarbanci. Ya gyaɗa kai ya sa hannu a takarda, alhali ko rabin maganar bai kama ba.

Bari in fara da abin da zai kwantar da hankali. Wannan ciwo yana cikin abubuwan da aka fi gani bayan an sa mutum barcin tiyata, kuma ga yawancin mutane yakan lafa cikin kwana biyu zuwa uku. Wani bincike da aka wallafa a 2002, wanda aka yi a birnin Toronto na ƙasar Kanada kan mutum 5,264 da aka yi wa aiki aka sallame su a ranar, ya nuna cewa cikin waɗanda aka zura wa bututu a hanyar iska, kashi 45 cikin 100 sun yi kukan maƙogwaro. Waɗanda aka sa wa 'yar robar da ke tsayawa a bakin maƙogwaro ba ta shiga ciki ba, kashi 17 ne da ɗoriya. Waɗanda aka kifa musu abin shaƙa a fuska kawai kuwa, kashi 3. Ka ga ke nan kusan rabin masu bututu ne. Abin da ya sami rabin jama'a ai ba za a kira shi sakacin likita ɗaya ba. Sai dai akwai 'yan kaɗan da nasu ciwon alama ce ta wani abu mai haɗari, kuma saboda su ne ya kamata mai jinya ya san yadda abin yake tun daga tushe.

Me ya kai bututu wuya?

Barcin tiyata ba irin barcin dare ba ne. Maganin da ake ba mutum yana raunana numfashinsa, harshe ya saki ya faɗa baya, tari da haɗiya su daina aiki. A wuya kuma hanyoyi biyu ne a jere, ta iska a gaba, ta abinci a bayanta. Idan mutum yana cikin wannan barci, abin da ke cikinsa yana iya tasowa ya kwarara cikin huhu ba tare da ya yi ko tari ba, kuma ruwan ciki mai tsami ƙona huhu yake yi. Bututun shi ne maganin wannan duka: yana riƙe hanyar iska a buɗe, na'ura tana hura wa mutum numfashi ta cikinsa, yana kuma toshe hanya kada wani abu ya gangara.

Wanda ke wannan aiki ba likitan da ke yanka ba ne. Likitan sa barci ne, ko ma'aikacin jinyar da aka horar a wannan fanni, wanda ke tsaye a wajen kan majinyaci daga farkon aiki har ƙarshe. Yana sa wani ƙarfe mai lanƙwasa mai 'yar fitila a baki, ya ɗaga harshe, ya hango ƙofar hanyar iska. A wannan ƙofa akwai wasu tantani guda biyu masu buɗewa da rufewa, su ne ke kaɗawa murya ta fito; malaman Hausa suna kiran su tantanin maƙwallato, ni dai zan ce tantanin murya. Ta tsakaninsu ake wuce da bututun, wanda na babban mutum faɗin raminsa milimita 7 zuwa 8 ne, kaurinsa kamar na ƙaramin yatsa. A kusa da ƙarshensa akwai 'yar balan-balan da ake hura wa iska ta manne da bangon hanyar.

To ga inda matsalar take. Tantanin nan masu gadi ne, kuma ba su da wasa. Duk wanda ruwa ya taɓa sarƙewa ya san yadda ɗigo ɗaya ke sa su rufe gam, mutum ya yi ta tari har hawaye. Ko cikin barcin tiyata sukan yi wannan gardamar. Idan aka tura roba ta tsakaninsu suna ƙoƙarin rufewa, dole a kuje su. Shi ya sa ake fara yi wa mutum allurar da za ta saki tsokar jikinsa gaba ɗaya, haɓa ta saki, tantanin su buɗe su tsaya cak.

Daga dafin kibiya zuwa ɗakin tiyata

Asalin wannan allura dafin farauta ne. Mutanen dazukan Amurka ta Kudu suna shafa wa kibiyarsu wani dafi da ake kira kurare, wanda ke sa dabba ta faɗo jikinta a sake, numfashi ya tsaya. Maharbanmu ma suna da nasu, kwankwani, amma shi zuciya yake kamawa, aikinsu ba ɗaya ba ne. A watan Janairun 1942 ne wani likita mai suna Harold Griffith da abokiyar aikinsa Enid Johnson suka yi amfani da tataccen kurare a birnin Montiriyal na Kanada, a kan wani matashi da ake cire wa afendis. Kafin wannan lokaci, in ana son ciki ya saki sai an zurfafa barcin ƙwarai, wanda shi kansa yakan kashe marasa ƙarfi.

Yadda take aiki ba shi da wuyar ganewa. Duk lokacin da za ka motsa yatsa, jijiya ce ke kawo saƙo, ta saki wani sinadari mai suna asitilkolin, shi kuma ya shiga wasu gurabe a jikin tsoka kamar mabuɗi a kwaɗo, tsoka ta ɗame. Allurorin sakin tsoka iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne ƙashin bayan wannan magana.

Iri na farko suna shiga kwaɗon su zauna ba su buɗe ba, su hana mabuɗin gaskiya shiga. Tsoka sai ta yi laƙwas a hankali, babu wani motsi. A cikinsu akwai atirakuriyam, wanda aka fi sani da Tracrium, da rokuroniyam, wato Esmeron, da fankuroniyam, da bekuroniyam. Atirakuriyam yakan ɗauki minti 2 zuwa 3 kafin ya kama, ya yi kamar rabin awa yana aiki, kuma yana da wata baiwa: da kansa yake narkewa a cikin jini, bai dogara ga ƙoda ko hanta ba, shi ya sa ake son sa ga mai ciwon ƙoda. Fankuroniyam ya fi daɗewa, yakan wuce awa guda, yana kuma ƙara bugun zuciya. Idan an gama aiki akan yi wata allurar, niyostigmin haɗe da atirofin, don a dawo wa tsoka da ƙarfinta.

Iri na biyu guda ɗaya ne tal ake amfani da shi yanzu: sakzametoniyam, wanda ma'aikatan asibitocinmu suka fi kira Scoline. An fara amfani da shi a 1951. Shi kama yake yi da mabuɗin gaskiya, domin ƙirarsa asitilkolin biyu ne aka haɗa. Yana shiga kwaɗon ya buɗe, sa'an nan ya maƙale a ciki. Saboda haka kafin jiki ya saki, sai duk tsokokin sun ɗan yi rawa tukuna: fatar ido, fuska, wuya, kafaɗa, har yatsun ƙafa, na 'yan daƙiƙoƙi. Majinyaci ba ya sanin an yi, ya riga ya yi barci. Cikin ƙasa da minti guda ya kama, cikin minti 5 zuwa 10 ya sake shi.

Abu ɗaya da nake so a riƙe: waɗannan allurori ba sa sa barci, ba sa kashe zafi. Motsi kawai suke hanawa, har da motsin numfashi. Don haka ba a yin su sai an riga an ba da maganin barci, kuma sai a hannun wanda ya iya riƙe wa mutum numfashi. Ba su da wata alaƙa da ƙwayoyin ciwon jiki da ake saya a kemis, ko da an ce maka su ma "masu sakin jiki" ne.

To wa ke da laifin ciwon?

Na sha jin mutanen da suka ɗan karanta wani abu a waya suna cewa allurar sakin tsoka ce ke kawo ciwon wuya, don haka a roƙi likita kada ya yi ta. Wannan magana rabinta gaskiya ne, rabin kuma zai iya cutar da mai bin ta.

An gwada zura bututu ba tare da allurar ba, an kuma auna sakamakon. A wani gwaji da aka yi a Jamus aka wallafa a 2003, an raba majinyata 80 gida biyu, aka ba wasu atirakuriyam, wasu kuma ruwan gishiri kawai. Bayan aiki, kashi 44 cikin 100 na waɗanda ba a ba allurar ba muryarsu ta dishe, a ɗaya gidan kuwa kashi 16 ne. Da aka leƙa tantanin muryarsu, an ga rauni, wato kumburi ko taruwar jini, a kashi 42 na marasa allura, da kashi 8 kacal na masu allura. A 2017 ƙungiyar Cochrane, mai tattara gwaje-gwajen likitanci tana tace su, ta haɗa gwaji 34 a kan wannan tambaya, ta samu abu ɗaya: barin allurar yana sa zura bututu ya yi wuya ƙwarai, yana kuma ƙara ciwo da rauni a maƙogwaro. Wato allurar kāre wuya take yi. Ƙofar da ke buɗe ba a ɓalla ta.

Rabin gaskiyar kuwa na Scoline ne. Rawar nan da tsoka ke yi kafin ta saki ba a tsare take ba, wannan zare ya ja nan, wancan ya ja can, kuma takan bar ciwo. Kusan rabin waɗanda aka yi wa ita sukan tashi washegari jikinsu na tsami, musamman wuya, kafaɗu, baya da saman ciki, kamar wanda ya yi dakon buhunan albasa a Mile 12 alhali bai saba ba. Abin ya fi kama matasa da mata, da wanda ya tashi ya hau zirga-zirga da wuri bayan aiki. Yara ƙanana, tsofaffi da masu ciki bai cika damun su ba. Maƙogwaro ma ai tsoka ce ke kewaye da shi. A 1983 wasu likitoci a Amurka sun nuna cewa matan da aka yi wa ɗan ƙaramin aiki ba tare da an sa musu bututu ba, waɗanda aka ba Scoline sun fi sauran kukan maƙogwaro. Binciken Toronto ɗin da na ambata shi ma ya lissafa ta cikin abubuwan da ke ƙara yiwuwar ciwon.

Wannan tsamin jikin yakan yi kwana biyu ko uku, wani lokaci har mako. Mutanenmu da yawa suna ɗaukar sa zazzaɓin cizon sauro ne, su aika a sayo magani. In babu zafin jiki, to bari ya wuce. In kuwa akwai zafin jiki bayan tiyata, wannan ba na kemis ba ne, na asibiti ne.

Mai karatu zai ce, to me ya sa ba a daina Scoline ba? Saboda sauri. Akwai majinyatan da ba a iya jiran minti 3 a kansu: wanda aka kwaso daga haɗarin mota ko na babur cikinsa cike da abinci, wanda hanjinsa ya toshe, mai naƙudar da dole a sa ta barci a ciro jariri nan take. Duk daƙiƙar da ta wuce tsakanin barci da shigar bututu, amai na iya shiga huhu. A irin wannan hali, ciwon wuya na kwana biyu ba abin sa wa a ma'auni ba ne. Rokuroniyam, da ya fito a 1994, idan aka ba da shi da yawa yana kama da sauri kusan haka, amma sai ya daɗe bai saki ba. Maganin da ke warware shi cikin 'yan mintoci, Bridion, yana da tsada sosai, ba kowane asibiti ke ajiye shi ba. Scoline kuwa tana da araha, kuma ita da atirakuriyam suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Wani abu da ya shafe mu kai tsaye: su biyun nan a firji ake ajiye su, tsakanin digiri 2 zuwa 8, zafi yana rage musu ƙarfi. Allurar da ta yi rauni ba za ta buɗe tantanin sosai ba. Idan aka ba ka takarda ka sayo kayan aiki, kamar yadda akan yi a asibitoci da dama, saya a kantin maganin asibitin ko a babban kanti mai firji da janareto, ka kuma miƙa su nan da nan. Kada a bar su a aljihu ko cikin mota a rana ana jiran gobe.

A ganina dai, bututun da yadda aka sa shi su ne manyan masu laifi, allurar tana bayansu. Bututu mai kauri ya fi kuje wuya, shi ya sa mata, da hanyarsu ta fi ƙanƙanta, suka fi shan wahala. Balan-balan ɗin in aka cika mata iska tana danne bangon hanyar har jini ya kasa gudu a wurin. Ma'aunin da ake so shi ne 20 zuwa 30 a awon santimitar ruwa, kuma akwai 'yar na'urar auna shi. Wanda aka yi ta gwadawa sau biyu sau uku kafin bututu ya shiga, wanda aikinsa ya daɗe, wanda aka zura wa wani tiyo ta hanci zuwa ciki, wanda aka yi wa aikin maƙoƙo ana ta juya wuyansa, mai shan taba ko shisha, duk nasu ya fi tsanani. Ga kuma iskar na'ura mai busar da wuya, ga mutum ya kwana bai sha ruwa ba. Likitoci suna da dabarun ragewa: ƙaramin bututu, auna balan-balan, allurar dekzametazon, kurkure wuya da wasu magunguna kafin aiki, ko ba da ɗan kaɗan na iri na farko kafin Scoline don a rage rawar tsoka.

Abin da za ka faɗa wa likitan sa barci

Kafin aikin da aka shirya, likitan sa barci yakan zo ya duba majinyaci. Wannan zama ya fi duk wani magani da za a sha daga baya amfani, kuma shi ne mutanenmu suka fi yin shiru a cikinsa, don kunya ko don harshe. Idan za a yi maka aiki a UCH Ibadan, ko LUTH da ke maƙwabtaka da mutanenmu na Idi-Araba, ko asibitocin koyarwa na Fatakwal, Binin da Inugu, ko ma ƙaramin asibitin kuɗi, je da wanda ke jin Turanci sosai kuma ba ka jin nauyinsa. Mace ta je da mace 'yar uwarta in hakan zai sa ta fi sakin baki.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ta dangi. Shin akwai wani a gidanku da ya shiga tiyata bai farfaɗo ba, ko jikinsa ya ɗauki mugun zafi ana cikin aiki, ko ya daɗe a kan na'urar numfashi bayan ƙaramin aiki? Akwai cututtuka biyu na gado da Scoline ke tonowa. Ɗaya, jinin mutum ba shi da isasshen sinadarin da ke narkar da ita, sai allurar minti 5 ta zama ta awoyi. In an gane, riƙe masa numfashi kawai ake yi yana barci har ta sake shi. Ɗayar ta fi muni: tsokoki su ƙage, zafin jiki ya yi ta hawa, zuciya ta rikice. An fara gane ta ne a 1960 a Ostareliya, lokacin da wani matashi da ya karye a ƙafa ya nuna tsoron barcin tiyata, ya ce danginsa 10 sun mutu a cikinsa. Wasu iskokin sa barci ma suna tayar da ita. Mu da muke cewa "kwana ne ya ƙare" mu rufe zance, yana da kyau mu san cewa faɗin wannan labari ga likita yana iya sa ya canza magani gaba ɗaya.

A faɗa masa kuma idan majinyaci ya yi babbar ƙuna a kwanakin baya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko rauni a laka, ko ya daɗe a kwance, ko yana da ciwon ƙoda, ko yaro ne da tsokarsa ke raunana yana yawan faɗuwa. A jikin irin waɗannan Scoline tana iya sa sinadarin fotasiyam ya yi tsalle a jini har zuciya ta tsaya. Mai asma ya faɗa. Wanda wata allura ta taɓa sa masa kumburi ko ƙuraje ya faɗa. Haƙorin da ke girgiɗi, haƙoran roba, haƙorin Makka, duk a nuna, domin ƙarfen nan kusa da haƙoran sama yake bi. Mai shan taramol ko wani abu makamancinsa shi ma ya faɗi gaskiya. Likita ba ɗan sanda ba ne, awon magani yake son ya daidaita.

Maganar abinci ma a yi gaskiya. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce awa 6 babu abinci, awa 8 in mai maiƙo ne kamar tsire ko soyayyen nama, awa 2 babu ko ruwa, amma abin da asibitinka ya ce shi za ka bi. Koko, kunu, fura da shayi mai madara duk abinci ne. Wanda ya kurɓi koko da asuba ya ɓoye ya jefa kansa cikin haɗarin da ya fi ciwon wuya nesa ba kusa ba.

Wanda da muryarsa yake ci, malamin makaranta, ladan, mai waƙa, dillali a kara, ya ambata. Ba laifi ba ne ka tambaya ko aikinka zai yiwu da allurar baya, wadda ke kashe rabin jiki daga ciki zuwa ƙafa mutum yana farke. Yawancin tiyatar haihuwa da aikin gwaiwa suna yiwuwa da ita, kuma babu bututu sam. Wasu ayyukan kuma 'yar robar bakin maƙogwaro ta isa. Amma tambaya ce za ka yi, ba umarni ba. Shi ya san abin da ya gani a wuyanka da cikinka.

Bayan an fito

Kada a ba majinyaci ko ruwa sai ma'aikatan jinya sun ce a ba shi, musamman bayan aikin ciki. Na san tausayi ke sa uwa ta ɗiga wa ɗanta ruwa a ɓoye, amma haɗiyarsa ba ta gama dawowa ba. Idan an ba da izini, a riƙa kurɓar ruwa a kai a kai, mai ɗumi ko mai sanyi, wanda ya fi masa daɗi. Kurkure wuya da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri yana taimakawa. Zuma cikin ruwan ɗumi ma haka, ban da jaririn da bai shekara ba, ban da kuma mai ciwon suga sai da shawara. Alewar maƙogwaro irin su Strepsils ba laifi ga babba da ya gama wartsakewa. Abinci mai laushi, a ɗan jingine yaji da kunu mai tururi na kwana biyu. A bar taba. A rage magana, kuma raɗa ba hutu ba ce ga tantanin murya, gara a yi magana a hankali da muryar da ta samu. Masu zuwa dubiya su ma su taimaka, ba sai majinyaci ya amsa gaisuwar kowa ɗaya bayan ɗaya ba.

Farasitamol ya isa ga yawancin mutane, kada babba ya wuce giram 4 a kwana guda, kuma a duba ko maganin da aka sallame shi da shi yana ɗauke da farasitamol ɗin a ciki. Ibufurofen da dangoginsa kada a sha sai likita ya yarda, saboda gyambon ciki, ƙoda da zubar jini. Ampiclox ko Amoxil na kemis ba su da aikin yi a nan, domin kujewa ce, ba ƙwayar cuta ba.

Sai maganar belu. Wani lokaci bututu ko tiyon zuƙe majina yana danne belu, ya kumbura, ya yi tsawo, har bakinsa ya yi fari. Mutum ya ji kamar wani abu na reto a wuyansa yana taɓa harshe, yana sa shi ƙaƙarin amai. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da za a ce: hakin wuya ne ya sauko, a kira wanzami. Kuma babu Sabo ko Zango ko Ama Hausa da za a rasa wanzami. Ina roƙon jama'a kada a yi. Wannan kumburi yakan warke da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wanda ya fito daga tiyata ya riga ya yi asarar jini, wataƙila ma ana yi masa allurar hana daskarewar jini, ga wurin a kumbure. Yanka a irin wannan hali yana iya jawo zubar jinin da ba a iya tsayarwa a gida. A koma wa likita ya leƙa, shi ke nan.

Akwai alamomin da ba a kwana da su. Numfashi yana wuya, ko yana fita da ƙara kamar fito. Wuya yana kumbura, musamman bayan aikin maƙoƙo, inda jini kan taru ya danne hanyar iska cikin ɗan lokaci. Wannan ko minti 10 kada a jira, a kira ma'aikata da ƙarfi. Mutum ya kasa haɗiye ko yawunsa. Zazzaɓi tare da ciwon wuya ko na ƙirji mai ƙaruwa maimakon raguwa. Tofar da jini fiye da ɗan ɗigo. Fatar wuya ko ta ƙirji tana ƙaras-ƙaras in an danna, alamar iska ta ɓulle ƙarƙashinta. Ciwon tsoka mai tsanani da fitsari ya koma baƙi-baƙi kamar shayin da ba madara. A ɗakin farfaɗowa kuma, wanda ya kasa ɗaga kai, yana ganin abu biyu-biyu, numfashinsa sama-sama, allurar ce ba ta gama sakinsa ba, a sanar da ma'aikata.

Wasu kuma ba na gaggawa ba ne amma ba a share su. Muryar da ta wuce mako biyu ba ta dawo ba, ko ruwa yana sarƙe mutum duk lokacin da ya sha, tana bukatar likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa da na'ura. Yana yiwuwa wani ɗan guringuntsi da ke riƙe tantanin ya goce, kuma gyaransa ya fi sauƙi in an zo da wuri. Ko jijiyar tantanin ce ta taɓu. Wanda ya yi kwanaki da bututu a ɗakin kulawa ta musamman, in bayan makonni ya fara haki yana hawa bene, kada a ce asma ce a sayi abin shaƙa. Tabo na iya tsuke hanyar iska, a gaya wa likita cewa an taɓa sa masa bututu.

Idan kuwa likitan sa barci ya ce an sha wuya wajen sa maka bututu, ko wata allura ba ta karɓe ka ba, roƙe shi ya rubuta maka a takarda, da sunan allurar da abin da ya faru. Ajiye ta tare da katin asibiti, ka ɗauki hotonta a waya, ka kuma gaya wa 'yan uwanka na jini in abin na gado ne. Mu mutanen tafiya ne: aikin bana a Legas aka yi shi, na gaba wataƙila a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, kuma fayil ɗinka yana nan inda ka bar shi.